Kalangun Baba a Cikin Fiyano

Har na ce ba zan ba da labarin nan ba, don duk sanda na tuna shi sai raina ya sake ɓaci. To amma kun matsa.

Shekarun da aka fara shari'a ne, kiɗan biki ya ja baya a Dutse. Maƙwabcina, wani tsoho makaɗin mahauta, ya rataye kalangunsa a ƙusa, 'ya'yansa kuma duk sun kama acaba. Kullum maganarsa ɗaya: in ya mutu, kiɗan gidansu ya bi shi.

Ni kuwa na dawo daga Kwatano da wata fiyano mai naɗar sauti, ka ɗora kowane sauti a kan madanni guda. Na ce, "Baba, kawo kalangun nan mu zuba shi a ciki. Ko bayan ranka, yaran situdiyo na Kano sa riƙa dannawa."

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: bugu ɗaya, ya tsaya, in naɗa, ya matse hammata ya ƙara wani. Muka rufe shagona. Ya buga ɗaya, hannu ya zarce.

"Baba, ɗaya na ce!"

"Ai ɗaya na yi, Alhaji. Taken mutum ɗaya ne."

Muka sake. Wani mahauci ya gifta ta taga, tsoho ya bi shi da takensa har kwana. Na rufe tagar. Sai ya ajiye kalangu, wai shi bai taɓa yi wa bango kiɗa ba.

Na je na roƙo Sarkin Fawa ya zo ya zauna, shiru kawai. Shiru? Yana jin taken ubansa ya tsumu, ya miƙe yana kirari, ya ture min makirfo. Na yi yawo har Jidda, ban ga masu wahalar da mutum irin waɗannan biyun ba.

Haka na zauna ina yanke ihu, ina tsince bugun ɗai-ɗai, har madannai suka cika. Fes! Na kira Baba, na danna masa daga ƙasa har sama, ina jiran godiya.

Ya kasa kunne. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya tashi ya tafi.

Sai washegari, muna fitowa daga masallaci, ya riƙo hannun rigata.

"Alhaji, muryar kalanguna ce, na ji. To amma wa yake kira?"