Yadda Na Ciyar da Ɗan Macijin Khaibar

Wata Alhamis ce a watan Rabi'ul Awwal na shekarar 1418, muna tsakiyar hutun makaranta, zafin Madina ya kai ko kyanwa ba ta yarda ta taka kwalta. Motar Baffa Sale, ƙanen mahaifina, ta tsaya a ƙofar gidanmu na unguwar Ƙiblatain, maƙare da akwatunan ɗanyen dabino daga gonarsa ta Khaibar. Shekarata tara. Aikina a irin wannan rana shi ne in zauna a tsakar gida da faranti biyu, ina ware wanda ya nuna ya yi laushi daga wanda bai ƙarasa ba, ina jefa na uku a baki. A bayan motar akwai 'ya'yan dabino na dashe, an naɗe saiwarsu da buhu da rairayi. Malam Idi, mutumin Maraɗi da ke yi wa Baffa aikin gona, ya sauke ɗaya yana kwancewa, sai wani abu ya faɗo, tsawonsa bai wuce fensir ba, launinsa na rairayi da zane-zanen baƙi, yana ta ƙoƙarin cusa kai cikin ƙasar da ta zube. Ummi ta kurma ihu, ta ɗaga takalmi. Malam Idi ya riga ta, ya ɗauke shi a tafin hannu kamar guntun igiya, ya ce, "Hajiya, wanga bai da dahi. Larabawa na ce mai dassas, don cikin rairayi yake nutsewa. Jinjiri ne."

Na leƙa tafin hannun. Idanunsa biyu a saman kansa suke, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, kai da wutsiya kusan ba a bambance su. Ban san abin da ya shiga raina ba, na dai fashe da kuka na ce a bar mini shi. Ummi ta ce haram, ba a gidanta ba. Amma a gidanmu magana ba ta ƙarewa sai ta bi ta gaban Hajja, kakarmu, wadda ta zo ƙasar nan tana goye a bayan uwarta daga ƙasar Kano, kuma har ta rasu ba ta taɓa amsa mana da Larabci ba. Ta dube ni ta dubi macijin, ta ce, "Rabi, wanda ya tsare rai, cinsa da shansa na wuyansa, kuma Allah zai tambaye shi. Na ba ki zuwa tsayuwar wata. In bai ci ba, motar da ta kawo shi ita za ta mayar da shi." Murna ta sa na manta da tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Sai da motar ta ɓace a kwana na tuna ban tambayi Malam Idi abin da dassas yake ci ba, gonar kuwa babu waya, kuma ba za su dawo ba sai ƙarshen wata.

Na samo tsohuwar garwar samna, wato man shanu, na wanke ta, na huda murfin da ƙusa, na zuba rairayin buhun, na ajiye ta ƙarƙashin matakalar soro inda sanyin randa yake kaiwa. Daga nan na buɗe masa kicin ɗin gidanmu kaf. Na fara da madara a murfin kwalba, domin duk yaran layinmu sun rantse cewa maciji madara yake sha. Ta kwana ta yi tsami. Na ba shi ƙwanduwar ƙwai, na ba shi ɓargon burodin tamis da na jiƙa, na yanka masa dabino, na saci tsokar kaza ɗanya lokacin da Ummi ta juya baya. Tururuwa ce ta yi biki, shi ko kallo. Kullum in na gama sharar tsakar gida da wanke kofunan shayi, sai in durƙusa gaban garwar in tona rairayi da yatsa, in tarar da shi ya yi lamo. 'Yan matan da muke wasan 'yar gala-gala da su a ƙofar gida suka sa mini suna Ummul Hanash, wato uwar maciji, suna tambayata ko ɗana ya fara azumi ne.

A mako na biyu idanunsa suka yi fari kamar an shafa musu toka, fatarsa ta dushe. Na tabbata yunwa ta makantar da shi, kuma ni ce sila. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Hajja ta sa aka kawo mata garwar, ta leƙa, ta yi dariya ta ce saɓa zai yi, in sa masa ruwa da ɗan dutse mai kaushi, in ƙyale shi. Bayan kwana biyar na tarar da tsohuwar fatarsa a jikin dutsen, fara sol, har da gurbin idanu, shi kuma yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Amma ya rame, bayansa ya yi tsini, wata kuma ya raba tsakiya.

A nan ne na zauna na yi tunanin da har yau nake alfahari da shi. Na ce da kaina, a rairayin Khaibar wa yake dama madara? Wa yake gasa tamis? Na tuna zuwanmu gonar Baffa, yadda in muka ɗaga busasshen reshen dabino abubuwa suke watsewa: gyare, buzuzu, ƙananan ƙadangaru da tsaka. Na kuma lura cewa duk safiya akwai sabon zane a kan rairayin garwar, alamar sai rana ta faɗi yake fitowa, ni kuwa da tsakar rana nake kai masa abinci. Na kama gyare na jefa masa bayan magariba, gyaren ya kwana yana yi masa waƙa. Na kama tsaka babba a bangon kicin, ya nutse ya ƙi fitowa har na cire ta. Sai ranar wata Litinin, ana kiran magariba, na ga wata 'yar mitsitsiyar tsaka a ƙarƙashin fitilar tsakar gida, ba ta kai ɗan yatsana ba. Na kifa mata kofin shayi, na sake ta a garwar, na zuba ido. Ta yi taku biyu. Rairayin ya fashe, kafin in ƙifta ido ya naɗe ta, can kuma ya lalubo kanta ya fara haɗiya a hankali.

Ihun da na yi ya fito da kowa. Na zaro shi daga rairayi, na zagaya da shi ɗaki-ɗaki ina nuna kumburin cikinsa, na fita har ƙofar gida don 'yan matan nan su gani. Washegari na tarar ya amayar da ita duka. Hajja ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ke da kika yi renon ƙannenki, kin taɓa ganin an jijjiga jariri yana gama shan nono?" Na bar shi ya huta kwana takwas, kwanakin da suka fi kowane tsawo a rayuwata, domin wata yana ta ƙanƙancewa. Ana saura kwana biyu motar ta dawo, na sake ba shi ƙaramar tsaka, na rufe garwar, na zauna a kan hannuwana don kada in taɓa shi.

Ranar da motar ta dawo, Hajja da kanta ta ce a kira Malam Idi. Ya share rairayin a hankali, ya ga kumburin yana nan daram, ya ɗago ya ce, "Wa ya gaya miki abin da yake ci?" Na ce ba kowa. Ya juya ga Baffa ya ce, "Alhaji, ɗiyar ga ta gano abin da na yi shekaru kahin in sani." Ya ƙara mini da cewa kada in ba shi abin da ya fi tsakiyar jikinsa kauri, sau ɗaya a mako ya isa, kuma kada in kamo tsaka inda aka fesa maganin sauro. Hajja ta ce maciji ya zauna. Ita da ba ta ƙaunar ganin tsaka a bango, ta zama babbar mafarauciyar gidan, tana zaune a kan darduma tana nuni da mafici tana cewa, "Ga wata can, daidai bakinsa!" Har Ummi na taɓa kamawa ta kifa wa tsaka kofi a bayan firji.

Da aka koma makaranta, Abla Nura, malamar kimiyya, ta ji labari ta ce in kawo shi. Na tsaya gaban aji da garwata, ni da ban taɓa ɗaga hannu ba, na yi bayanin abin da yake ci da abin da ba ya ci, 'yan matan da suka yi mini dariya suna turereniyar leƙe. Shekara guda ya yi a wurina, ya yi saɓa sau huɗu, ya yi kauri kamar babban yatsan Baffa. Da dabino ya sake nuna, ni da kaina na ce a kai ni Khaibar. Na ajiye shi a gindin wata bishiya, ya nutse cikin rairayi, bai ko waiwaye ni ba, kuma ban yi kuka ba.

Yanzu ni ce nake tsayawa gaban aji ina koyar da ilimin halittu. A unguwar Al-Azizya akwai shagon da ake sayar da jariran ɓeraye a daskare don masu kiwon macizai, ɗalibaina kuwa kafin in rufe baki sun samo amsar kowace tambaya a waya. An rushe gidanmu na Ƙiblatain an gina masaukin baƙi, Malam Idi ya koma Maraɗi tuntuni, 'ya'yana in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Ba na cewa zamaninsu bai fi namu sauƙi ba. Sai dai ina yi musu kwaɗayin wata guda na rashin sani, da daɗin da ke zuwa a ƙarshensa.