'Yar Tsanar Ƙashi Daga Mansur

Ana idar da sallar asuba muka tashi zuwa filin jirgin Kano, ni da yayana da matarsa, za mu Umara. Tun a mota yayana ya fara tsokanata. Kun dai san ni da tara 'yan tsanan tangaran masu fukafukai. Shekara goma sha ɗaya ina jera su a kabad ɗin gilashi, kowace da garin da ta fito, amma can sama na bar gurbi guda na ce na Makka ne. Yayana ya ce ko zan juye Makka kaf ba zan samu ba, gara in ajiye dabino a wurin. Na ce wallahi sai na cike gurbin nan. A gaban matarsa na faɗa, don haka babu ja da baya.

Daga Jidda mota muka shiga, titi lafiya lau, duwatsu baƙaƙe hagu da dama, ko bishiya babu. Muka yi Umara, alhamdu lillahi. Kwana biyu cur ban ma tuna da wata 'yar tsana ba.

Rana ta uku na faɗa kasuwa. Carbi, turare, darduma, 'yar hasumiyar agogo ta roba riyal goma sha biyar, duk ga su nan jibge. A wani kanti na nuna wa mai kayan hoton abin da nake nema a waya. Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya ce, "Hajiya, a Makka? Astagfirullah!" Wayyo kunya! Sai lokacin na tuna mutanen garin ba sa ajiye mutum-mutumi mai fuska. Yayana yana bayana, dariya har da riƙe ciki.

Ranar Juma'a muka je unguwar Mansur a cikin Makka gaida Kaka, ƙanwar kakarmu ta wajen uwa. Tana shekara bakwai mahaifinta ya taho da ita Makka a ƙasa ta Sudan, ba ta sake ganin Kano ba. Titin cike yake da 'yan uwanmu, ƙamshin tsire da waina sai ka rantse a gida kake, sai an buɗe baki ka ji Hausa rabi Larabci rabi. Jikokinta suka kawo shinkafa da nama da shayi mai na'ana'a, suna gaishe mu da Hausar da ta kusa ƙare musu.

Yayana bai bari an sha shayin ba ya kwashe labarin kanti ya zuba. Kowa ya yi dariya, ban da Kaka. Ta dube ni ta ce, "Ta'ali, ya binti, zo nan."

Ta buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe ta warware tsumma. 'Yar tsana ce ta ƙashin ƙafar rago, kanta na kakin zuma, da 'yan duwatsun wuya, ba ido ba baki. Ta ce, "Kakarku ce ta yi min ita ranar da za mu taso. Da ita na keta Sudan. Yaran nan ba su san mece ce ba. Naki fukafukai gare su, ko?" Na ce e, Kaka.

Ta ɗauki almakashi ta yanki gefen farin mayafinta, ta sa na zura mata zare, ta ɗinka wa 'yar tsanar fukafukai biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Ta damƙa min ta ce, "A ƙasa ta zo, ta koma gida ta sama." Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba. Yayana kuwa ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a tabarma.

A jirgi ban yarda 'yar tsanar ta shiga jaka ba, a cinyata ta zauna har Kano. Ko takalmi ban cire ba na buɗe kabad na ɗora ta a gurbinta.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, na je nema a kanti alhali abin yana wajen dangi, kuma da ban je gaisuwa ba da na dawo hannu wofi. Yanzu ina alfahari da ita fiye da duka na tangaran ɗin. Yayan nawa mai dabino, shi ne yake jawo baƙi gaban kabad yana cewa, "Kun ga waccan ta sama? Kakarmu ce ta yi ta."