Ranar da Baba Ya Gyara Mini Takalmin Gudu

A ganin Baba, mutum uku ne ke gudu a duniya: ɓarawo, da mai bin ɓarawo, da wanda cikinsa ya ɓaci. Duk ranar da na dawo gida jiƙe da gumi sai ya tambaye ni a cikinsu wanne ne ni.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare a Azare, shekarun da wayar salula ta fara shigowa gari, masu ita suna rataya ta a wuya don kada a ce ba a gani ba. Ni ba waya, ba kan lissafi, amma Allah ya ba ni ƙafa. Gudun mita ɗari nake yi, kuma ba takalmi. Malamin wasanninmu, wani dogon Babarbare da iyayensa suka taso daga Yobe, shi ke tafa katako biyu mu zabura. Na cinye 'yan makarantarmu, na cinye na Misau. Aka kawo wani zabgege daga Disina da ake cewa da hannu yake kama zomo, shi ma na bar shi yana kallon ƙeyata. Kaina ya kumbura ƙwarai. A lokacin na yi imani ba a haifi wanda zai wuce ni ba, kuma ina faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare.

Sai takarda ta zo cewa za a yi gwajin zaɓen 'yan gudun jiha a Bauchi. Mutum uku na farko za a ɗauka a ci gaba da horar da su, saura kowa ya kama hanyar garinsu. Ni kuwa na san abin da ke jirana a gida: rumfar hatsin Baba a kasuwa, awon gero da wake har furfura. Damar guda ce, domin baɗi na bar makaranta.

Malam ya kira ni ofis, ya kwance wata leda kamar mai fito da kayan gado. Takalmin gudunsa ne na zamanin samartaka, marar nauyi, da ƙusoshi shida tsaye a ƙarƙashin kowace ƙafa.

Ya ce, "Filin can ba ƙasa ba ce irin tamu, roba aka shimfiɗa. Ƙusoshin nan su ke riƙe ka. Ka kula da shi, ɗan Fulani, ba na bin shanu ba ne."

Mako biyu ina atisaye da shi, na ji kamar an rage mini rabin jiki. Ana gobe tafiya na wanke shi, na shanya a kan katangar tsakar gida, na tafi aski don kada a raina mu a birni. Na dawo ban ga takalmi ba. Inna ta ce Baba ya ɗauka ya fita.

Bayan la'asar ya shigo da leda a hannu, yana tafiyar wanda ya yi abin kirki.

"Zo nan. Kai wane irin sakarai ne? Ƙusoshi duk sun fito waje kana takawa, ba ka da bakin magana? Babarbaren nan ya ba ka takalmin da ba a gama haɗawa ba, ka karɓa har da godiya."

Ashe wurin baduku ya kai. Ranar kasuwa ce, amma ya rufe rumfa ya tsaya a kan mutumin har ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya bubbuge gurbinsu da guduma, ya yanko taya ya ɗinke a ƙasa da zare mai kauri.

"Tayar tirela ce, ba ta acaɓa ba," in ji Baba. "Wannan har jikanka sai ya sa."

Na karɓa, hannuna ya yi ƙasa don nauyi. Na buɗe baki zan yi ihu, sai ya ƙara da cewa, "Tunda gudun ka zaɓa, ka je ka yi shi kamar ɗan mutane. Allah ya ba da sa'a."

Tunda nake ban taɓa jin ya ambaci gudu ba tare da zolaya ba sai ranar. Haushi ya cika ni, daɗi ma ya cika ni, na rasa wanda zan fara ji. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Washegari a tasha na miƙa wa Malam ledar. Ya juya takalmin, ya auna shi a tafin hannu, ya nemi benci ya zauna.

"Inna lillahi," ya ce. "Shekara da shekaru ina ɓoye takalmin nan don ɓera da gara. Ashe Bafulatani ya kamata in ji tsoro."

A Bauchi mun nemi aro, amma ba mai ba abokin karawarsa takalmi, kuma ƙafata ba ƙarama ba ce. Na gwada mai tayar sau ɗaya, na ji kamar an ɗaura mini bulo. Dole na cire na shiga ƙafa tsirara. Rana ta take, robar filin ta ɗauki zafi kamar tandar waina. Zagayen farko na zo na biyu, amma kafin a kira mu na ƙarshe tafin ƙafafuna duk sun yi bororo.

Mu takwas muka durƙusa. Aka harba bindiga, na fita da kyau, har ina ganin ba kowa a gefena. Wajen mita sittin bororon dama ya fashe. Ban tsaya ba, amma ƙafar ta daina yarda da ƙasa. Mutum biyu suka wuce. Na ukun kuwa a bakin layi ya turo ƙirji ya riga ni. Na zo na huɗu. Na zagaya bayan motarmu na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar kaciya.

Da muka kusa Azare na sa safa, na cusa ƙafafun cikin takalmin Baba don ya gan shi a ƙafata. Yana zaune a ƙofar gida kan tabarma.

"Yaya aka ƙare?"

"Na huɗu na zo, Baba."

"Cikin mutum nawa?"

"Takwas."

"To ai ka fi huɗu."

Sai ya lura ina ɗingishi. Ya ce in cire. Ya ga jini a safa, fuskarsa ta canja. Ya ɗauki takalmin ya zura hannu ciki yana lalube, tun daga dunduniya har wurin yatsu, ya sake komawa.

"Na ce masa ya cire duka," ya faɗa a hankali. "Ina tsaye a kansa fa. Ko ya bar ɗaya ban gani ba?"

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a idon Baba ba sai ranar.

"Faɗa mini gaskiya. Takalmin ne ya hana ka?"

Na dubi hannunsa da ke cikin takalmin har yanzu.

Na ce, "A'a, Baba, takalmi ya yi. Sun fi ni gudu ne kawai."

Ban taɓa faɗar wannan magana a kan wani ɗan Adam ba kafin ranar, kuma har yau ban yarda da ita ba. Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya ce in shiga Inna ta gasa mini ƙafa. Da ƙafar ta warke na fara zuwa rumfa.