Kofin da Noelene Ta Ajiye a Bencin Clarrie

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon kurket, wasan ƙwallo da sanda, a garinmu Kurrabinda ya san Noelene Hatcher, domin ita ke da shayi. Filinmu ba wani abin a zo a gani ba ne: ciyawar da rana ta ƙone, farin shinge mai neman fenti, sai rumfar 'yan kallo ta katako wadda kwanon rufinta ke kuka in iska ta taso. A ƙarƙashin rumfar akwai ɗan kicin, nan Noelene ta tsufa tsakanin tukunyar ruwan zafi da tarin kofuna. Ni ce mai yanka mata burodi, kuma ba ta taɓa cewa na yanka daidai ba.

Kowane gida da bencinsa a rumfar. In mai wuri ya rasu, ba mai zama a wurinsa sai kakar wasa ta ƙare, kuma duk Asabar, in 'yan wasa sun fito hutun shayi, ana ɗora masa kofinsa. Ba mai taɓawa. In an tashi Noelene ta zubar a gindin shinge. Fasto ya yi magana har ya gaji ya bari.

Wata Asabar cikin girbin alkama ta hau da farantinta, tana tafe tana mita a kan ƙudaje, sai ta ajiye kofi a wurin Des Mulvaney.

"Ke Noelene, Des yana gona, lafiyarsa ƙalau," in ji matarsa tana dariya. "Ko so kike ki mayar da ni gwauruwa?"

Noelene ta dubi hannunta kamar na wani. Kafin a tashi wasa mota ta zo da labari, tarakta ta kife da Des. Muka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Da hannun nan ya sake yin haka a bencin wata malamar makaranta, Noelene ta fizge kofin ta watsar da shayin nan take, amma bai hana komai ba, a makon aka binne malamar. Daga nan raha ta koma rabi wasa rabi tsoro. In ta hau matakala sai ka ga ƙartin maza suna shimfiɗe ƙafa, suna baje huluna a kan bencinsu.

"Bi ta can, uwar shayi, ni ruwan sanyi nake sha!"

"Kai ko mutuwa ba ta son ka," za ta ce. Amma in mun koma kicin sai ta daɗe tana wanke hannu.

Duk duniya mutum ɗaya ya rage mata, yayanta Clarrie, wanda ya rene ta bayan rasuwar uwarsu. Shi ne alƙalin wasanmu. Likita ya hana shi tsayuwa a rana saboda zuciyarsa, shi kuwa kunnen ƙashi gare shi. Wata Asabar ta Janairu, tsakiyar bazara a wurinmu, iskar arewa ta taso da zafi kamar bakin murhu, ya leƙo kicin sanye da farar rigarsa.

"Tsohon banza, in ka faɗi a filin nan ba zan ɗauke ka ba," ta ce.

"Ke da ko farantinki ba kya iya ɗauka? Ki dai rage min kek, Nolly."

Lokacin hutu ya yi, ta hau rumfa ina biye da ita da madara. Tana waiwayowa tana yi mini faɗa a kan burodi, hannunta kuwa ya miƙe shi kaɗai. Na ji ƙarar kofi a kan katako. Bencin Clarrie ne.

Duk rumfar ta zuba wa kofin ido. Har kwanon rufin ya daina kuka, ko kuma ni ce kunnena ya toshe. Can a fili Clarrie na tahowa a hankali, yana fifita da hularsa, bai san komai ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na ce mata a hankali, "Zubar, Noelene."

"Na taɓa zubarwa," ta ce.

Ta miƙo mini farantin. Ta kwance ƙyallen aikin da ke ƙugunta, ta ninke, ta zauna daram a wurin yayanta, ta ɗauki kofin da hannu biyu. Wata mata ta ce, "Wayyo, kar ki sha!" Ta shanye tas yana tururi, ita da ko ɗumi-ɗumi sai ta hura.

Clarrie ya iso yana haki.

"Yau kuma? Tashi min daga benci, sarauniya."

"Na riga ka," ta ce, tana share baki. "Je ka nemi inuwa."

A tsakiyar makon maƙwabciyar Noelene ta same ta kwance a bayan gidanta, rai ya yi halinsa, kwandon wanki a gefenta. Likita ya ce zuciya ce. Ni ban yi musu da likita ba, ban kuma yarda ba. A wurin jana'iza wani mai sakin baki ya gaya wa Clarrie abin da ya faru a rumfa.

Asabar ta zagayo, farantin ya dawo hannuna, ina lura da yatsuna. Clarrie ya karɓi kofinta ya ce shi zai ajiye. Ya hau rumfar, ya bi layi-layi har sama, ya sauko, ya tsaya yana dube-dube. Sai a lokacin muka lura, mu duka, cewa Noelene ba ta da wurin zama. Shekara da shekaru tana shayar da rumfar nan a tsaye, ba wanda ya taɓa matsa mata.

Ya ɗora kofin a bencinsa, inda ta zauna sau ɗaya tak. Kakar wasa ta ƙare, wasu suka biyo baya, ya ƙi komawa bencin. Yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, duk Asabar yana kallon wasa a tsaye, dafe da shinge.