Ya Ce Masa Ya Jira Juma'a

Wata rana da damina, a wani ƙauye can bayan Malumfashi, wani manomi mai suna Tasi'u ya sallame sallar Azahar a gindin tsamiyar gonarsa.

Yana juyowa sai ya ga Baba Nomau zaune a kan kunya, ya ajiye fartanya, ya zuba masa ido.

Baba Nomau Bamaguje ne, tsoho tukuf. Gonarsu iyaka ɗaya tun zamanin mahaifin Tasi'u. Bai taɓa salla ba, amma bai taɓa cin iyakar kowa ba, kuma idan azumi ya zo, bayan bishiya yake zagayawa ya sha ruwansa don kada Tasi'u ya gani.

Ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru ina kallon wannan duƙe-duƙen naka. Wai shi Musuluncin nan, mene ne shi?"

Tasi'u ya gyara zama. Abin da ya daɗe yana jira ke nan.

Ya ce, "Baba, miƙa wuya ne. Ka yarda Allah ɗaya ne, ba Shi da abokin tarayya, kuma Annabi Muhammadu manzonSa ne. Ka yi salla, ka yi azumi. In rumbunka ya cika ka fitar wa talaka da haƙƙinsa. In da hali ka je Makka. Ka kuma sani akwai ranar da kowa zai tashi ya yi bayanin abin da ya aikata."



Tsohon ya ce, "Wanda ya kai shekaruna fa, ana karɓarsa?"

"Ana karɓa mana, Baba! Duk abin da ya wuce an yafe."

"To, ka shigar da ni. Yanzu."

A nan Tasi'u ya yi kuskuren da har gobe yake kuka da shi.

Ya ce, "Haba Baba, a nan cikin gona? Ai ba haka ake yi ba. Akwai kalmomin da ake faɗa, kuma liman ne ke laƙƙana wa mutum a gaban jama'a. Ka bari Juma'a, ni da kaina zan kai ka."

"Yau Talata fa, ɗana."

"Kamar gobe ne, Baba."

Kada ku zage shi tukuna. Tasi'u ba mugu ba ne. Haka ya tashi ya ga ana yi a garinsu: mai son musulunta a kai shi masallacin Juma'a, a tsayar da shi gaban sahu, a ba shi lasifika, jama'a su ɗauki kabbara. A tunaninsa in ba a yi haka ba, abin bai ƙullu ba.

Kuma mu faɗi gaskiya, akwai ɗan wani abu a ransa. Yana so a ce, "Wa ya kawo Nomau?" a ce, "Tasi'u ne."

Sai gogan naka ya shiga hidima kamar mai aurar da 'ya. Ya sanar da liman. Ya zaɓa wa tsoho sunan da za a raɗa masa. Ya sa matarsa ta jiƙa gero za a yi kunu. Har ya yi wa mai ɗaukar hoto magana.

Duk wannan kai-komo, bai sake leƙa Baba Nomau ba.

Ranar Alhamis da sassafe ya hau babur ya tafi kasuwa sayen goro da alewar rabo.

Bai dawo ba sai bayan La'asar. Tun daga bakin gari ya jiyo koke-koke daga unguwar su Nomau.

Zazzaɓi ne ya kwantar da tsohon tun Laraba. Ranar Alhamis ɗin, kafin rana ta take, rai ya yi halinsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tasi'u ya yar da babur, ya ruga gidan liman.

"Allah gafarta malam, a taimaka a yi masa salla! Wallahi ya so ya musulunta!"

Liman ya ce, "Ya faɗi kalmar shahada?"

"Na ce masa ya jira Juma'a."

Liman ya dube shi.

"Malam Tasi'u, kai ba ka iya ta ba ne?"

 Kalmar da Tasi'u yake maimaitawa a kowace salla tun yana yaro, ita ce ya hana tsoho a gindin tsamiya.

Liman ya ce, "Ba ta buƙatar liman, ba ta buƙatar masallaci. Da ka faɗa ya maimaita, shi ke nan. Abin da ke cikin zuciyarsa Allah Ya fi mu sani, kuma rahamarSa tana da faɗi."

Kafin shi da liman su isa gidan marigayin ma, dangin Nomau sun riga sun binne shi bisa al'adarsu. Ba wanda ya ga laifinsu, don ba wanda ya gaya musu komai.

Washegari, Juma'ar da ake jira, Tasi'u ya je gaisuwa. Inna Tabawa, matar marigayin, ta ja shi gefe.

Ta ce, "Ɗana, jiya da safe har aika maka ya yi, aka ce ka tafi kasuwa. Sai tambayata yake yi, wai mene ne kalmomin nan da Tasi'u ya ce ana faɗa? Ni ina zan sani?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai.

"Da ya ga ba ka zo ba, sai ya riƙa cewa, 'Allah ɗaya ne, na yarda. Allah ɗaya ne, na yarda.' Har muryarsa ta ɗauke."

Ta share ido da bakin zanenta.

"Ya ce in ka zo in tambaye ka, wai hakan ya isa?"

Tasi'u ya durƙushe a ƙofar ɗakin, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi:

Musulunci miƙa wuya ne ga Allah, kuma ƙofarsa kalmar shahada ce. Wannan kalma tana bakin kowane Musulmi, ba ta liman kaɗai ba ce. In wani ya nemi alheri a hannunka yau, ba shi yau. Taro da kabbara sa zo daga baya, in da sauran kwana.

Allah Ya sa mu cika da kalmar shahada.

Ka tura wa wani, wataƙila akwai wanda yake ce wa ya jira Juma'a.