Maganina a cikin gidan ashana

Shekarun baya, ina karatu a Samaru ina zaman haya a Bomo, likita ya ɗora ni a kan maganin ciwon damuwa. Kafin nan sai in wuni a ɗaki ina kuka, ba wanda ya yi min komai. Maganin ya karɓe ni, amma kunyarsa nake ji. Da wayona na banza, sai na ɓare shi daga kwalinsa na zuba a gidan ashana, don kada abokin zamana ya karanta sunan.

Wata rana da hantsi 'yan banga suka tare hanya suna lalube aljihun samari, saboda masu shaye-shaye sun addabi unguwar. Shugabansu ya zaro ashanar daga aljihuna, ya girgiza, ya buɗe. Sai ga ƙwayoyin.

"Na asibiti ne," na ce.

"Duk haka kuke cewa. Ina kwalin?"

Suka zaunar da ni a ƙasa, jama'a suka taru, aka aika neman reza a aske min kai. Ba askin ne ya fi ba ni tsoro ba. Na ji suna cewa za su ƙona maganin, ga ranar ganin likita da sauran nisa, ni kuwa na san halin da zan koma kafin nan.

Na kira mahaifiyata a rumfarta ta Sabon Gari, ban ma san bayan wa za ta bi ba. Kullum cewa take, "Ka rage shan abin nan, kada ka saba ka zama irin yaran bakin tasha."

Ta iso a kan acaɓa, zaninta duk garin masara.

"Mama, yaronki ƙwaya yake sha," in ji shugaban.

Ta daɗe tana kallona a ƙasa. "Ni na ga ɗana kafin ya fara shan wannan, ku ba ku gan shi ba." Ta karɓi ashanar, ta sayi ruwan leda. "Ka sha na yau?"

Na girgiza kai.

"Ungo, sha. In ƙwaya ce, ni ce dillaliyarsa, sai ku haɗa da ni ku aske."

Na haɗiye ina hawaye, 'yan bangan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Har yau ina kan maganin, kuma har yau gabana na faɗuwa in zan sha a cikin mutane. Amma in mahaifiyata ta kira ni, kafin ta tambayi ko na ci abinci, sai ta tambayi ko na sha.