Ranar da Yaya Tanko Ya Yarda da Inji

Duk wanda ya san Baba Tanko mai fenti a Makera ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da motarsa. Zai rufe ido, ya bi jikinta da bayan hannu, ya ce, "Wa ya yi miki wannan zalunci?" Mai mota kuwa yana tsaye da hannu a miƙe!

Ni ƙanensa ne, garejinmu ɗaya. Da tsohuwar singileti yake goge mota. In na ce mu sayi injin gogewa, sai ya ce, "Injin yana da ido ne?"

Shekarar da soja suka miƙa mulki, wani sabon Onarabul daga Barnawa ya aiko da baƙar mota, ƙirar jikinta duk lanƙwasa. Saura kwana uku a rantsar da shi. Direbansa, tsohon soja mai jan ido, ya ce, "Oga yana son ta yi ƙyalli kamar madubi. Ƙwarzane ɗaya, ni da ku ne."

Hannu ba zai gama ba. Dole Yaya ya bi ni Kakuri, shagon Oga Bitrus mai kayan aiki. Bitrus ya ɗauko ƙaton inji mai faffaɗan faifai.

"Baba, wannan orijina ne. Awa ɗaya ka gama."

Sai Yaya ya zaro daga buhu wata tsohuwar tukunya da yake gwada baƙin fenti a jikinta. "Gwada a gindin wannan."

"Tukunya, Baba?"

"Motar tebur ce? Gwada!"

Faifan ya ciji wuri ɗaya, fenti ya ƙone. Aka kawo ƙarami mai ɗan soso, wanda ake rage masa gudu, ya bi lanƙwasar tukunyar lafiya lau. Shi Yaya ya ɗauka. Bitrus ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa yi wa tukunya folish ba.

Amma ƙaramin akwai nawa wajen aiki! Washegari direban sai zagaye yake yana duba agogo. Da Yaya ya tafi sallar Azahar, direban ma ya fita cin abinci, na aro babban inji wajen maƙwabci, na ɗora a lanƙwasar da ke saman taya. Kafin na ankara, na ji ƙauri. Tabo fari fat a baƙar mota!

Tare suka dawo. Direban ya dubi tabon, ya fara kwance bel.

"Wa ya yi?"

Yaya ya shiga tsakaninmu. "Ni ne. Tsufa. Ka dawo gobe da yamma, in ka ga tabon ka kai ni bariki." Sai ya sosa ƙeya. "Au, yanzu farar hula ce. To, ka kai ni majalisa."

Mutumin ya ciji leɓe don kada dariya ta ƙwace masa, ya mayar da bel.

Yaya ya haɗa fenti a gwangwani, ya yi ta fama. Da direban ya dawo, a ɗaya ɓangaren motar ya yi ta neman tabon, don ko alamarsa babu.

Har Yaya ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ni ne ba. Yau na faɗa da bakina. Ya Allah, yadda ya rufa mini asiri, Ka rufa masa, Ka haskaka kabarinsa. Amin.